Injiniya Mai Kula da Kwamfutoci

Kowane yaro da ya tashi a ƙasar Batsari ko ta Safana ya san wanzami. Bisa al'adar Hausawa kowane gida yana da nasa. Ba sai an aika kiransa ba, in kwanakin aski suka zagayo sai a ji sallamarsa a zaure, da zabirarsa a rataye. Shi ke yi wa maigida aski da gyaran fuska, shi ke yin ƙaho, in kuma an yi haihuwa shi ke aske jariri ran suna. A da, a wurare da yawa, ba a biyansa a kan kowane aski. Sai kaka ta yi, maigida ya ware masa damin gero ko na dawa. Watau an ɗauke shi ke nan ya riƙa kula da mutanen gidan shekara duka.

To, akwai wata sana'a ta zamani wadda ta ke tafiya bisa irin wannan tsari, ita ce sana'ar kula da kwamfutocin mutane.

Ku duba ku ga yawan ayyukan da suka rataya a kan kwamfuta yau. Manomi ya kai dankali ko rogo kasuwar Batsari, ya sayar, mai saye ya tura masa kuɗi ta waya, shi kuma ya je wurin mai POS ya karɓa. Yayyenku masu neman shiga jami'a da kwamfuta su ke rubuta jarrabawar JAMB, gama tun shekarar 2015 aka daina yinta a takarda. A zaɓen 2023 da wata 'yar na'ura aka tantance masu jefa ƙuri'a a kowace rumfa. Albashin malamanku ma ta kwamfuta ya ke biyowa. In ɗaya daga cikin waɗannan na'urori ta tsaya, mutane ne ke shan wahala: wani ya kwana bai sayi magani ba, wani yaro kuma ya rasa jarrabawar da ya shekara yana yi wa karatu.

Ba kowane asibiti ko makaranta ko ofis ke da ƙarfin ɗaukar injiniya nasa na kansa ba. Ko da ya ɗauka, mutum ɗaya ba ya iya sanin kome, kuma dole ya yi barci, ya yi tafiya, wata rana ya kwanta ciwo. Saboda haka aka sami kamfanoni waɗanda ba su da wani aiki sai kula da na'urorin wasu. Mai asibiti ya yi yarjejeniya da su a rubuce, ya riƙa biyansu kuɗi sananne kowane wata, su kuma su ɗauki nauyin kwamfutocinsa dare da rana. Kamfani ɗaya ya kan riƙe wurare talatin ko hamsin ko fiye, kamar yadda wanzami ɗaya ke riƙe gidajen unguwa.

Manyan kamfanoni ma haka su ke yi. Kun san dogon ƙarfen sabis da a ke kafawa a gari, wanda ke sa waya ta yi magana. A shekarar 2014 kamfanin MTN ya yi yarjejeniya da wani kamfani mai suna IHS, ya danƙa masa irin waɗannan ƙarafa fiye da 9,000 a Nijeriya, don ya riƙa kula da su. Gwamnatin Tarayya kuwa tun 2006 ta kafa kamfanin Galaxy Backbone, domin ya kula da hanyoyin sadarwa na ma'aikatunta.

Akwai wani bambanci da ya kamata ku lura da shi. Mai gyaran waya a bakin kasuwa, abincinsa yana ga lalacewa, in wayar kowa lafiya ta ke ran nan sai ya koma gida hannu wofi. Kamfanin da mu ke magana a kai kuwa, abincinsa yana ga lafiya. Kuɗinsa na wata ba ya ƙaruwa don na'ura ta lalace, sai dai ya yi hasarar mai da lokaci wajen zuwa gyara, wani lokaci har a ci shi tara. Don haka ya fi kowa son kada kome ya ɓaci.

A cikin yarjejeniyar nan a kan rubuta alkawari da lissafi. Sau da yawa kamfani ya kan ce na'ura za ta yi aiki sa'a 999 cikin kowace sa'a 1,000. Ku ɗauko allo mu auna. Kwana ɗaya sa'a 24 ne, shekara kuwa kwana 365, in kun ninka sai ku sami sa'a 8,760. Kashi ɗaya cikin dubu na wannan bai kai sa'a 9 ba. Ashe ke nan a shekara guda cur, duk tsayawar da aka yarda na'urar ta yi ba ta kai daga hantsi zuwa magariba na yini ɗaya ba. Alkawari ne mai nauyi ƙwarai a ƙasar da wutar lantarki ke zuwa tana ɗaukewa.

Ma'aikatan irin wannan kamfani hawa-hawa ne. Na farko su ne masu amsa waya. In an kawo kuka su rubuta shi, su ba shi lamba don kada a manta, sa'an nan su gwada ƙananan dabaru. Abin da ya fi ƙarfinsu sai su miƙa wa na sama da su. Abin da ya gagari kowa kuwa, shi ke isa gaban babban injiniya. Ba lalle ya zama dattijo ba, kuma ba lalle ya zama namiji ba, akwai mata da yawa a wannan aiki. Abin da ya sa a ke ce masa babba shi ne ya daɗe yana ganin ɓarna iri iri, har ya san inda ta kan ɓuya.

Yawancin aikin daga nesa a ke yinsa. Injiniya yana zaune a Katsina ko Kano ko Abuja, a gabansa akwai babban allo mai nuna dukan na'urorin da aka ba su amana. Mai lafiya ta nuna kore, wadda ta fara ciwo ta nuna rawaya, wadda ta tsaya ta nuna ja. Da izinin mai na'ura, yana iya shiga cikinta ta intanet ya gyara, alhali bai tashi daga kujerarsa ba. Sai abin da hannu kaɗai ke iya yi zai sa a hau hanya.

Yanzu bari mu ga yadda a ke neman ciwo. A ce wata malamar asibiti ce ta bugo waya da safe.

Ta ce, "Injiniya, ina kwana? Don Allah a taimaka, kwamfutarmu ta mutu, ga marasa lafiya sun yi layi."

Ya ce, "Lafiya lau, Hajiya, sannu da aiki. Kwantar da hankalinki. Da kika kunna, ta kawo haske ko ba ta kawo ba?"

Ta ce, "Ta kawo. Sunayen marasa lafiya ne ba su fitowa."

Ya ce, "Taki kaɗai, ko har ta ɗakin magani?"

Ta leƙa, ta dawo ta ce, "Duka ne."

Ya ce, "Madalla. Jiya da kuka tashi lafiya su ke? To, ki duba ɗan akwatin nan mai fitilu da ke jikin bango. Fitilunsa suna ci?"

Ta ce, "Af! Ai a mace ya ke. Wani ya zare wayarsa ya sa cajin tocila."

Kun ga bai taɓa kome ba tukuna, tambaya kawai ya yi ta yi, kuma kowace tambaya tana rage wuraren da zai nema. Da ya ji kwamfuta ta kawo haske, ya san ba wuta ba ce. Da ya ji duka ne suka tsaya, ya san ciwon ba a cikin kwamfuta guda ya ke ba, yana wurin da suka haɗu. Haka mai neman ɓatacciyar akuya ke yi. Ba ya bazama daji da gudu, sai ya fara tambaya ta wace ƙofa ta fita, sa'an nan ya bi sawu. Ku lura kuma bai yi wa Hajiya dariya ba, bai ce mata ba ta san kome ba. Mutumin da aka kunyata ba ya sake faɗin gaskiyar abin da ya taɓa, injiniya kuwa da wannan gaskiyar ya ke aiki.

Irin wannan ƙaramin injiniya ma ya iya. Inda babba ya ke nuna girmansa shi ne wurin ciwo mai tafiya yana dawowa. A ce akwai wata uwar kwamfuta, watau babbar da ke ajiye bayanan ofis duka, wadda ta kan mutu haka kawai. Aka kira, yara suka kashe ta suka sake kunnawa, ta tashi. Bayan kwana biyu ta sake, aka sake tashe ta. Kowa ya ce an gyara. Babban injiniya ba zai yarda ba. Sai ya ɗauko littafin da a ke rubuta koke-koke, da kuma bayanin da kwamfutar ke rubutawa da kanta game da abin da ya same ta, ya jera su. Sai ya ga ba ta taɓa mutuwa da safe ba, ba ta taɓa mutuwa da dare ba, kullum tsakanin azahar da la'asar ne, kuma abin ya fara ne da shigowar bazara. Nan take ya gane zafi ne. Ya aika a buɗe ta, sai ga ƙurar hunturu ta toshe 'yar fankar da ke hura mata iska, ga kuma rana tana dukan bangon ɗakin da yamma. Aka share ƙura, aka canja mata wuri, magana ta ƙare. Sa'an nan ya zauna ya rubuta abin da ya gani, domin gobe in haka ta faru a wani wuri yaran su gane da kansu. A ganina wannan rubutun ya fi gyaran amfani, ko da ya ke shi ne aikin da ma'aikata suka fi ƙyuya a kai.

Maƙiyan kwamfuta a ƙasarmu sanannu ne. Ban da zafi da ƙura, akwai tsawa da damina, wadda kan biyo waya ta ƙone na'ura. Akwai ɓera mai gurgurar waya. Babbansu kuwa ita ce wutar lantarki, wadda kan ɗauke ba sallama, ta kuma dawo da ƙarfin da ya wuce kima. Saboda haka injiniyan da ke aiki a nan dole ya san batir da janareta da farantan sola kamar yadda ya san kwamfuta.

Wani lokaci kuma ciwon yana can nesa, inda hannunsa ba ya kaiwa. Saƙon da mai POS ya tura daga Safana ya kan hau ƙarfen sabis, daga nan ya bi ta wasu ƙarafan ko ta wata waya ta gilashi da aka binne a ƙasa, siririya kamar gashi, wadda haske ke gudu a cikinta. Masu aikin hanya su kan tsinke ta da motar haƙa ba su sani ba. Wasu irin wayoyin nan sun taso daga Turai, sun biyo ƙarƙashin teku har Legas. Ran 14 ga Maris 2024 guda huɗu daga cikinsu suka lalace a teku kusa da gaɓar Kwaddibuwa. Intanet ya yi rauni a ƙasashe da yawa na Afirka ta Yamma, wasu bankunan Nijeriya suka kasa biyan mutane yadda suka saba, aka yi makonni kafin jiragen ruwa su gama gyara. A rana irin wannan injiniya ba shi da ikon ɗinke waya a teku. Abin da ke wuyansa shi ne ya gane da wuri cewa laifin ba na gida ba ne, ya juya aikin ta wata hanya in akwai, ya kuma gaya wa masu jira gaskiya.

Mutanen Batsari da Safana sun ga irin wannan a ƙofar gida. A watan Satumba na 2021, zamanin Gwamna Aminu Bello Masari, hukuma ta sa aka rufe sabis na waya a ƙananan hukumomi 13 na Jihar Katsina, har da waɗannan biyu, saboda ta'adin 'yan bindiga da ke fakewa a dajin Rugu da kewayensa. Aka yi watanni waya ba ta shiga ba ta fita. Mai son kiran ɗan'uwansa ko cirar kuɗi sai ya yi tafiya zuwa inda sabis ya ke. Na'urorin duk lafiyarsu lau, hanyarsu ce aka toshe. Shi ya sa injiniya mai hangen nesa ya kan tambayi mai wuri tun ranar farko, "In hanyar nan ta yanke, yaya za ku yi aiki?" Sa'an nan su shirya ta biyu. Wani wuri a sa layin kamfanoni biyu, wani wuri a kafa faifai mai magana da tauraron ɗan Adam, irin na Starlink da ya fara aiki a Nijeriya a farkon 2023. A asibiti kuma a ajiye littafi da alƙalami kusa, don kada a ce wa majiyyaci ya koma gida sai kwamfuta ta tashi.

Akwai kuma maƙiya masu ƙafa biyu. Wasu miyagun mutane su kan ƙirƙiri manhaja mai cuta, su sake ta a intanet, ta shiga kwamfutar mutane ta kulle musu bayanai, a ce sai sun biya fansa. A watan Mayu na 2017 wata irin wannan mai suna WannaCry ta bazu a ƙasashe kamar 150. A Ingila ta shiga asibitoci, aka mai da dubban marasa lafiya gida ba su ga likita ba. Abin takaici, kamfanin Microsoft ya riga ya fitar da rigakafinta tun watan Maris, wata biyu kafin nan, amma wurare da yawa ba su sa ba. Sa irin wannan rigakafi a kan kari yana cikin manyan ayyukan kamfanin kula da kwamfutoci.

Amma kada ku ce sai a yi ta ɗura kowane sabon abu da gaggawa. Ran 19 ga Yuli 2024 wani kamfanin tsaron kwamfuta na Amurka mai suna CrowdStrike ya aika wa abokan cinikinsa gyara mai kuskure a ciki. Kwamfutoci kamar miliyan takwas da rabi suka tsaya a duniya, jiragen sama da yawa suka kasa tashi. Injiniyoyi suka kwana suna bin na'urori ɗaya bayan ɗaya da hannu. Don haka babban injiniya ya kan fara gwada sabon abu a kan kwamfuta biyu ko uku, ya jira ya gani, kamar yadda uwar gida ke ɗanɗana miya kafin ta zuba wa jama'a. Sanin lokacin hanzari da lokacin jinkiri ba a koyonsa a rana ɗaya.

Manomi mai hankali ba ya tara irinsa duka a rumbu ɗaya, gama gobara ba ta shawara. Haka injiniya ke yi da bayanai. Ƙa'idar da suka saba bi ita ce a sami kwafi uku, a kan ma'ajiya iri biyu, ɗaya kuma a kai shi wani gari dabam. Bayan haka ya riƙa buɗe kwafin nan jifa-jifa ya ga ko yana aiki, don an sha ganin mutane sun shekara suna ajiya, ranar bukata su tarar ba kome a ciki.

Duk wannan aiki a kan amana ya ke tsaye. Injiniya yana riƙe da kalmomin sirri da ke buɗe kome. In ya so, yana iya ganin albashin kowa, da ciwon da ke damun wane, da sakamakon jarrabawa tun ba a fitar ba. Wanzami ma yana shiga har cikin gida, ya ga abin da baƙo ba ya gani, amma ba a jin labarin a bakinsa a kasuwa. Kamfanonin kirki su kan tsara yadda duk ƙofar da ma'aikaci ya buɗe za ta rubuta sunansa da lokacin, kuma wanda aka kama yana leƙen abin da ba a sa shi ba, a bakin aikinsa. Ku ma ku riƙe wannan: ma'aikacin banki na gaskiya ba ya bugo waya ya ce a faɗa masa lambar sirri ta katin kuɗi. Duk wanda ya tambayi iyayenku ita ɓarawo ne, kome daɗin bakinsa.

Wahalar aikin ba kaɗan ba ce. A kan raba kwana, wanda kwanan ya faɗo kansa ya kwanta da waya kusa da kunne, ko da tsakar dare ne aka kira dole ya tashi. Ba a cika bugo masa waya don a yi godiya ba, sai don a yi faɗa. Karatu kuma ba ya ƙarewa, gama abin da ya koya bana, bayan shekara biyar ya tsufa.

Mai son wannan sana'a ya dage da lissafi da Turanci tun daga firamare, ya kuma iya Hausa mai kyau, don zai riƙa bayyana abu mai wuya ga mutumin da ke cikin fushi. Bayan sakandare akwai wuraren koyo a kusa, kamar Jami'ar Tarayya ta Dutsin-ma da aka kafa a 2011, da Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa, da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Hassan Usman a Katsina. Akwai kuma jarrabawoyin sana'a da kamfanoni irin su Cisco da Microsoft ke shiryawa. Amma ko da wace takarda mutum ya zo, daga ƙasa zai fara, yana amsa waya yana ɗaukar jakar kayan aiki. Cikin abubuwan farko da za a koya masa akwai ɗaura kan wayar da ke haɗa kwamfuta da 'yar'uwarta. In aka feɗe ta za a ga 'yan wayoyi takwas a ciki, an murɗe su biyu biyu, da launin lemo, da kore, da shuɗi, da ruwan ƙasa. Sai ya warware su, ya jera kowace a gurbinta, ya datse bakinsu daidai, ya tura cikin ɗan kan roba ya matse. In ɗaya ta shiga gurbin wata, sai babban injiniya ya miƙo masa almakashi ya yanke ya sake.